Waldar da Yayana Ya Ƙi

Ranar Laraba muka binne yayana. Ga waɗanda suka zo, don kada gobe wani ya ce ba a gabansa aka yi ba.

Akwai matarsa, wadda nake kira matata tun ranar da aka kawo ta gidanmu, ita kuma tana ce mini mijina. Akwai 'ya'yansa mata uku da mazajensu. Akwai ƙanenmu na Madakiya, wanda ya zo a makare kamar yadda ya saba. Akwai Rabaran da dattawan ikilisiya, da zumuntar mata cikin anko, da 'yan kwaya masu waƙa a majami'a. Akwai tsofaffin reluwe guda biyar, ragowar waɗanda suka yi aiki da shi, biyu suna dogara sanda. Akwai makanikan layin gareji. Akwai wani malamin kwaleji daga Gidan Waya. Akwai matar ɗana, malamar firamare, ita ce ke riƙe da biro yanzu ina faɗa tana rubutawa, kuma na gaya mata zan sa wani ya karanta mini, in ta sassauta magana ɗaya zan sani. Akwai 'yan kulob ɗin tseren mota da ciyaman ɗinsu, kowa da farar riga mai hoton mamaci a ƙirji. Akwai ɗana, autana, wanda ya girma a hannun mamacin. Akwai kuma jar motar ɗana. Ita ma na ƙirga ta cikin waɗanda suka zo, domin saboda ita nake wannan magana.

An yi kuka. Matata ta yi nata a hankali, fuska cikin zane. 'Ya'yansa sun yi har muryarsu ta dishe. Tsofaffin reluwe ba su zubar da hawaye ba, sun zauna a benci ɗaya sun cire huluna, kuma a wurina zamansu ya fi kukan kowa. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne ciyaman. Sai da mutum biyu suka riƙe shi. Na dube shi na tuna ranar da ya kira yayana tsoho mai taurin kai da Turanci a bayan idonsa, ina nan kusa ina shanya citta, yana ganin tsohuwa ba ta jin Turanci. Ba na jin Turanci, amma ina jin zagi.

Wani dattijo ya tashi ya ce, "Baba mutum ne mai sauƙin kai, bai taɓa ɓata wa kowa rai ba."

Ƙarya ce. Yayana ba mai sauƙin kai ba ne. Ya ɓata wa rabin garin nan rai, har da ni. Ku daina wanke shi da ƙarya a kan akwatinsa. In za a tuna da shi, a tuna da shi yadda yake.

Aikinsa na fari a reluwe ne, nan Kafanchan, lokacin da jirgi ke shigowa ta ko'ina. Ba direba ba ne, ba mai duba tikiti ba. Guduma aka ba shi mai dogon ƙota. In jirgi ya tsaya, sai ya bi tarago tarago yana buga ƙafafun, yana saurara. Ƙarfe mai lafiya yana da murya, mai tsaga a ciki muryarsa a shaƙe take. Shekara da shekaru abin da ya yi ke nan. In ya buga, sai ya karkata kai gefe kamar kaza ta hango shaho, kuma kowa ya yi shiru. Har gida abin ya bi shi. Ya zo gaishe ni, kafin ya zauna sai ya ƙwanƙwasa tukunyata da ɗan yatsa. Ya taɓa ce mini, "Ke yarinya, randar nan ba za ta kai damina ba." Na ce ya fita harkar randata. Ba ta kai ba.

Yarinya yake ce mini har na yi furfura.

Da jirgi ya yi ƙaranci, ya buɗe gareji a ƙarƙashin mangwaro. Ba ya taɓa inji. Ƙafar mota kawai yake gyarawa. In ka kawo masa maganar inji sai ya nuna maka maƙwabcinsa da baki. Yakan ce, "Ni ba ruwana da gudunta. In ta gudu, ina za ta taka?" Wurin shanyata yana jikin garejin, don haka duk abin da zan faɗa da idona na gani, da kunnena na ji.

Tseren nan ba shi ya fara shi ba. Samari ne suke yi a kan titi, ranar biki ko ranar jana'izar wani direba, suna tsorata mata masu talla. Shi ya tara su ya ce in dole sai sun yi, su koma wani fili da aka taɓa ɗebe jan ƙasa a hanyar Gwantu, sau ɗaya a shekara bayan an gama cire citta, kuma duk motar da za ta shiga sai ta bi ta hannunsa. Suka kafa kulob. Malamin Gidan Waya ya rubuta doka, yayana yana faɗa. Ni ban san baƙi ba, amma dokar ƙafar gaba na haddace ta kamar waƙar sujada, don duk wanda ya zo sai ya karanta masa ita da ƙarfi.

Huɗu ce. Shokazoba, wato ƙarfen nan mai mai a ciki da ke hana mota tsalle, kana iya sa wadda ta fi ƙarfi, amma sai ta zauna a ramin da aka yi mata tun asali, ba a huda sabo. Sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, kana iya canja shi da mai tauri, amma ba a yanka shi, ba a gasa shi a wuta don mota ta sauka. Hannu, wato ƙarfen da ke riƙe da taya daga ƙasa, ba walda, ba ƙari, in ya tsage a jefar. Ta ƙarshe, direba yana zaune a ciki za a tura bulo ɗaya a ƙarƙashin hancin motar, sai ya wuce bai taɓa komai ba.

Mutum na farko da dokar ta kama shi ne wanda ya rubuta ta. Malam ya zo da shokazoba sabuwa a kwali, rawaya, tana sheƙi, wai ta waya ya saya. Yayana ya juya ta, ya gwada kanta a jikin motar.

"Malam, wannan ba ta shiga ba. Sai an huda."

"Baba, rami ɗaya ne fa, ɗan ƙarami."

"Wa ya rubuta takardar nan?"

"Ni."

"To karanta mini layi na ɗaya. Wataƙila ni na manta."

Malam ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Amma yayana ba ya korar mutum ya bar shi haka. Washegari ya rufe gareji ya shiga mota da shi zuwa kasuwar tsofaffin ƙarafa a Kaduna. Malam ya dawo yana ba mu labari, wai sun yini a rana, tsoho yana buga sifirin ɗaya bayan ɗaya har mai shago ya ce ko kiɗa suka zo yi. Abin da ya zaɓa masa na wata mota ce 'yar gida ɗaya da tasa, amma irin mai ɗaukar kaya, don haka ya fi tauri kuma ya zauna daram ba a taɓa komai ba. Robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wadda suke kira bushin, da kansa ya yanka ta daga tsohuwar tayar tirela. Sannan ya ƙara washa, wato faifan ƙarfen nan da ake sa wa noti, don kan taya ya ɗan kwanta ciki, mota ta riƙe ƙasa a kwana. Da igiyar magina ya auna. Yatsa biyu. Ya ce washa ba ta ba da fiye da haka, kuma wanda ke neman fiye da haka, asibiti yake nema.

Malam bai taɓa cin tseren ba ko sau ɗaya. Amma da ƙafafunsa ya zo jana'iza, da motar nan kuma.

Yanzu in zo kan ɗana. Sau biyu yana zuwa na biyu. Abin ya tsaya masa a wuya. Wani ya nuna masa a waya motocin waje masu buɗaɗɗun ƙafafu, ya ce sirrin ke nan. Bai je wurin kawunsa ba, don ya san amsar. Ya kai motar wurin wani mai walda can nesa da gari. Aka yanka hannayen nan biyu, na hagu da na dama, aka ƙara wa kowane guntun ƙarfe tsawon yatsa, aka yi walda, aka goge, aka shafe da giris da jan ƙasa yadda ido ba zai gani ba. Wa yake so ya ɓoye wa? Mutumin da bai taɓa dogara da ido ba.

Ranar tseren na ɗaura sabon zane. Na gayyato ƙawayena na zumunta, na ce su zo su ga ɗana. Motoci suna layi, yayana yana bin su ɗaya ɗaya. Aka zo kan jar mota. Bulo ya wuce lafiya. Sifirin lafiya. Sai ya ja da baya ya tsaya yana kallon tayoyin gaba. Sun buɗe kamar ƙafafun maraƙin da aka haifa yanzu.

"Me ka yi mata?"

"Washa na ƙara, Kawu."

"Washa."

"I, Kawu."

"To, in ji."

Ya shimfiɗa buhu, ya kwanta, tsoho mai jikoki, ya shiga ƙarƙashi da gudumarsa. Fili ya yi tsit. Ya buga wani ƙarfe, ya yi ƙara mai daɗi. Ya buga hannun, muka ji ɗuf, kamar an buga ɗanyen itace. Ya buga ɗayan. Ya sa wuƙa ya kankare. Ya fito yana kaɗe riga.

"Wannan ba za ta shiga ba."

Ɗana ya durƙusa. "Kawu, don Allah. Yau kawai. Gobe in cire."

Ciyaman ya matso yana murmushi. "Baba, haba. Ɗanka ne fa."

"Shi ya sa."

A nan ne na tashi. Ƙawayena suna kallona, sabon zanena yana jikina, ɗana yana ƙasa a gaban duk gari. Na ce, "Yaya, a bainar jama'a? Ba za ka ja shi gefe ba?"

"Ke yarinya, koma ki zauna. Ba ki san abin da kike cewa ba."

Rubuta wannan yadda na faɗe shi, kada ki rage. Na ce masa, "Ba ka haifi namiji ba, shi ya sa kake baƙin ciki da nawa."

Ya dube ni, ya goge kan gudumarsa da tsumma, ya ce, "Mota ta gaba."

Wannan mutumin da na faɗa wa haka, shi ne ya zo Madakiya a kan keke ranar da mijina ya rasu, ya tarar da dangin miji suna rabon gona tun ba a share makoki ba. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya ɗauki ɗana, yana ɗan shekara shida, ya ɗora a ƙarfen keke, ya ce mini in haɗa tukwanena in biyo su. Ɗakin da nake ciki shi ya gina. Yaron nan a kwano ɗaya ya ci da 'ya'yansa. Shi ya koya masa riƙe sifana, shi ya tsaya masa ranar aure a matsayin uba. Duk na san wannan lokacin da nake buɗe baki. Ban manta ba. Na zaɓi maganar ne don na san ita ce za ta shiga.

Shekara biyu ban gaishe shi ba. Na ɗauke shanyata daga jikin garejinsa. A majami'a in ya zauna a dama, ni ina can ƙarshen hagu. Ranar cin jibin Ubangiji sai in fita kafin a fara, don an koya mana ba a zuwa teburin nan da gaba a zuciya, ni kuma ban shirya ajiye tawa ba. Ɗana ya rufe motar da tamfol a bayan gidansa. Bai gyara ba, bai sake shiga tsere ba, ya ce sai ranar da tsoho ya sauka daga binciken motoci. Matata ta yi ta zuwa. "Mijina, ki zo ki gaishe shi. Kullum da safe sai ya leƙa wurin shanyarki." Na ce ya ci gaba da leƙawa.

Duk da haka buhun masara bai fasa zuwa ƙofata ba. Ba a cewa daga wa. Ni ma ban tambaya ba. Na ci.

Da ciwo ya kwantar da shi, gefe ɗaya ya shanye, sai na je. Da rana ne, bayan azahar. Na dama kunun acca na kai. Yana kwance a falo an jingina shi da filo. Hannun da ya riƙe guduma shekara hamsin yana ajiye a kan cinya kamar na wani.

"Ke yarinya, kin rame."

"Kai ne ka rame."

Na ba shi kunu da cokali. Ya sha uku. Na jira ya ɗauko maganar da na faɗa masa a fili, na shirya abin da zan ce. Bai ɗauko ba. Abin da ya tambaya daban ne.

"Ya cire?"

Na gane abin da yake nufi, hannayen waldar nan na motar ɗana. Na dubi bakinsa da ya karkace, na dubi matata tana tsaye a ƙofa. Na ce, "Ya cire."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Sai ya karkata kai gefe, yadda yake yi wa ƙarfe. Ya daɗe a haka. Ban san abin da ya ji a muryata ba. Ya rufe ido ya ce, "To, madalla."

Bayan kwana huɗu ya huta. Ubangijin da ya yi masa wannan kunne ya karɓe shi, ya ba shi wuri mai shiru, inda ba wanda zai ce masa rami ɗaya ne ɗan ƙarami.

A garin nan in direba ko makanike ya rasu, abokan aikinsa suna raka gawa da motoci, kowace an soka mata ɗanyen ganye a gaba. Ban ƙi ba, ya cancanta. Muna fitowa daga majami'a na ɗaga ido, sai ga jar mota a gaban layi, an wanke ta, an ɗaura mata hoton yayana a gilashi. Ɗana a ciki. Ban buƙaci guduma ba. Tayoyin suna nan a buɗe yadda suke ranar nan. Motar da ya kwanta a ƙasa ya ƙi, ita aka sa ta ja masa gaba zuwa kabari. Na haɗiye. Na ce ba zan yi rigima gawa tana waje ba.

Bayan an rufe, aka dawo gida ƙarƙashin rumfa. Aka raba shinkafa. Ciyaman ya karɓi lasifika, idonsa a kumbure. Ya ce kulob ya zauna ya yanke shawara, ranar Asabar ɗin nan za a yi tsere don tunawa da Baba. Aka tafa. Ya ce tun da ba wanda ke da kunnen Baba, bana ba za a tsaya binciken mota ba, kowa ya shigo da abin da yake da shi, a yi murna. Aka tafa. Ya ce kuma ɗan da Baba ya raina shi ne zai buɗe fili da jar motarsa, don a nuna an yafe wa juna. Nan tafi ya fi ƙarfi. Har wasu mata suka yi guɗa.

Na tashi. Ban karɓi lasifikarsa ba, muryata ta isa.

Na ce, "Ciyaman, wa ya yafe wa wa? Ka shiga ramin ka tambaye shi? Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kun cire dokarsa kun bar hotonsa. Hoton ba ya cewa a'a, shi ya sa kuke son sa. Shekara nawa yana kwanciya a ƙasa a ƙarƙashin motocinku, da ciwon baya, don ku koma wurin matanku da ƙafa biyu? Wannan kukan da ka yi, na baƙin ciki ne ko na an ɗauke maka kaya?"

Rabaran ya taso. "Mama, yau ranar salama ce."

"Rabaran, ka yi wa'azinka awa ɗaya ban katse ka ba."

Ciyaman ya ce, "Mama, mun san zafin rashi ne. Ki zauna, a ba ki ruwa."

"Ka sha ruwanka. Ku cire rigar nan kafin ku shiga filin. Kada ku sa fuskarsa ta kalli abin da za ku yi."

Ƙanenmu na Madakiya ya kama mini hannu, na fizge. Samari suna gunaguni cikin Turancinsu. Malamin Gidan Waya ya sunkuyar da kai, shi da ya san dokar fiye da kowa bai ce uffan ba, kuma wannan ma na riƙe. Ɗaya daga cikin tsofaffin reluwe ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya. Shi ke nan goyon bayan da na samu. Ɗana ya tashi, bai dube ni ba, ya shiga motar ya tafi. Aka sa kwaya ta yi waƙa don a rufe maganar.

Ba kulob ne ya fi ba ni haushi ba. Su ba su yi wa mai mutuwa ƙarya ba.

Al'adarmu, dangin mamaci suna zama a tabarma kwana uku, ba a fita, masu gaisuwa suna shigowa. Ƙanwar mamaci wurinta kusa da matarsa. Da gari ya waye aka yi addu'ar safe, na ɗauki babban kwanona na ɗaukar citta.

Matata ta ce, "Mijina, ina za ki? Mutane za su zo gaisuwa."

"Su gaishe ki."

Na tarar da ɗana a bayan gidansa yana goge motar. Ya gan ni da ankon makoki da kwano, ya ajiye tsumma.

"Mama, lafiya?"

"Ɗaga ta."

"Mama, jiya kin kunyata ni a gaban kowa. Bai isa ba?"

"Ɗaga ta ka cire mini hannayen nan biyu."

"Waldar nan mai kyau ce. Wanda ya yi ta ƙwararre ne, tankar mai yake yi wa walda. Kawu tsohon zamani ne, Allah ya ji ƙansa. Asabar kawai, Mama. Na yi wa mutane alkawari. Bayan Asabar ki ce in ƙona ta ma, zan ƙona."

"Haka ka ce masa. Yau kawai, gobe in cire. Shekara biyu ke nan."

Ya juya baya. Sai na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba. Na ce, "Kawunka yana kwance, rabin jikinsa ya mutu. Bai tambaye ni zagin da na yi masa ba. Bai tambayi gareji ba. Kai ya tambaya. Ya ce ya cire? Na ce ka cire. Ya ce duka biyun? Na ce duka biyun. Na yi wa ɗan'uwana ƙarya a kan gadon mutuwarsa saboda kai. Ni ma na kusa tafiya. Ba zan je in same shi da ita a bakina ba."

Na zauna a ƙasa, a jikin tayar gaba, na miƙe ƙafa. Na ce in zai fitar da ita ranar Asabar, a nan zai same ni. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Matarsa ta fito ta tsaya da hannu a baki. Ya ce in tashi, ƙasa da sanyi. Ban tashi ba. Ya shiga ɗaki. Na ɗauka ya tafi ke nan. Sai ya fito da jak da akwatin sifana.

Ya fi awa ɗaya. Noti sun yi tsatsa, yana zagin su ƙasa ƙasa, hannunsa ya fashe a wuri biyu. Da ya gama ya jefa su a kwanona, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, don in ji haushinsa. Na ji. Na ɗora a kai.

Na bi ta tsakiyar gari. Masu zuwa gidanmu gaisuwa suna haɗuwa da ni a hanya suna tsayawa, ban tsaya ba. Na san ɗana yana biye da ni daga nesa, ban waiwaya ba. Na shiga maƙera a bayan kasuwa, na sauke a gaban tsohon da ke yi mini fartanya.

"Mama, sannu da rashi. Ba kya zaman makoki? Me za a ƙera?"

"Ba komai. Ka ɗora a uwar maƙera ka buga mini nan, inda aka haɗa."

Ya ɗauki na farko. Ya buga, ya sake, ya sake, har sau shida. Ya lanƙwashe amma bai rabu ba. Maƙeri ya ce, "Wannan da ƙarfi yake, Mama." Na ji ɗana ya saki numfashi a bayana, kamar zai ce kin gani.

Na ce, "Saura ɗaya."

Bugu na biyu ya rabe gida biyu. Guntun ya yi tsalle ya faɗi a gaban ɗana. Walda a bakin fata kawai ta kama. Cikin baƙi ne, duk ramuka, kamar cittar da ta ruɓe a ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauka. Ya juya shi, ya duba kunnen da noti ke shiga, ya sake juyawa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Mama, wannan na ɓangaren direba ne."

Na ce wa maƙeri ya jefa duka a wuta, mai ƙarfin da marar ƙarfin. Na tsaya har suka yi ja. Sannan na ɗauki kwanona na koma tabarma.